Ranar da Aka Ce Ƙanena Infoma Ne

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke tsakanin Bakura da Talata Mafara, saura ƙiris a kashe mini ƙanena saboda kallon tsuntsaye. Na daɗe ban ba da labarin nan ba, don duk sanda na ɗauko shi sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Kuma a gaskiya akwai wurin da ni ma ban fita da kyau ba a ciki. Yau dai zan faɗa, har da nawa laifin.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni ce babba. A lokacin ƙanena yana da shekara ashirin da bakwai. Ɗinkin hula yake yi, kuma duk wanda ya taɓa sa hularsa ya san hannunsa, ba ka samun zare ɗaya da ya kauce. Amma tun yana yaro barci ba ya zo masa lokacin da yake zo wa mutane. Gari zai yi tsit, shi yana zaune da fitila da allura. Sai an yi sallar asuba sannan ya kwanta, kafin hantsi ya ɗaga kuma ya tashi. An sha ba shi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin masu magani har Maradun, ba abin da ya sauya. Mahaifinmu malami ne, kafin ya rasu ya ce a ƙyale shi, haka Allah ya yi shi. Inna ta ji maganar. Ni ce ban ji ba.

Abu na biyu shi ne tsuntsaye. Ban san ranar da abin ya shige shi ba. Na dai tuna Inna ta taɓa tura shi gonar shinkafa ya kori tsuntsayen jan-baki, ya dawo da yamma yana ba ta labarin yawansu da gefen da suka fito, shinkafar kuwa sun yi mata kaca-kaca. Da ya girma sai ya koma bakin hanyar ruwan da ta taso daga dam. Can zai zauna da littafi da biro, yana rubuta belbela nawa suka sauka, zalɓe nawa, ina suka nufa da suka tashi. Littattafan ma ni nake kawo masa, ragowar na 'yan makaranta.

Na uku, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne lokaci. In ya ce maka "yanzu zan dawo", to ka ci abincinka ka wanke hannu. Akwai ranar da na ba shi tuwo ya kai wa Inna gona da hantsi, bai isa ba sai la'asar. Da na yi masa faɗa sai ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Yaya, ɗan tsayawa kaɗan fa na yi." Ba ƙarya yake yi ba, bai ma iya ta ba. Shi a wurinsa ɗan tsayawa ne.

To ga inda na shigo. Wata rana aka yi suna a unguwarmu, muna zaune cikin mata ana hira, kowa na kukan nata. Wannan ta ce miji, waccan ta ce yara. Ni ma da bakina ba ya gajiya sai na ce ai ku naku mai sauƙi ne, ni nawa ƙanen ba ya barci, dare duk idonsa biyu, da rana kuma ya shige daji da littafi ba wanda ya san inda yake sai magariba. Aka yi dariya, ni ma na yi, har da tafawa. Na manta a wane zamani muke. Lokacin ɓarayin daji sun matsa wa yankinmu, kuma kalmar da kowa ke tsoro ita ce infoma, wato ɗan gari da ke kai musu rahoto. Wanda aka liƙa wa sunan nan ba kasafai ake kai shi gaban alƙali ba. A cikin matan da muka yi dariyar tare akwai matar shugaban samarin da ke gadin gari.

Bayan kamar sati uku, ranar Talata, maza sun watse sun tafi kasuwar Mafara, ɓarayi suka zo da rana tsaka suka kore shanun mutum huɗu daga bayan gari. Ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi inda shanun suke. Kafin dare kowa na cewa da hannun ɗan gari. A ranar kuma ƙanena ya fita tun hantsi, bai shigo ba sai ana kiran magariba.

Washegari ina aji ina rubutu a allo, maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama babu. Ta ce in ajiye allin nan, masu gadi sun zo sun tashe shi daga barci sun tafi da shi ƙofar mai gari, sun kwashe littattafansa a buhu. Ban san yadda na isa ba. Na dai san takalmina ɗaya a hanya ya tsaya.

Na tarar da ƙofar gidan cike da maza. Ƙanena na zaune a ƙasa a tsakiya, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar ɗaurin akuya. Idonsa ja saboda barcin da aka katse masa, yana ta kaɗa jiki gaba da baya, yadda yake yi in hayaniya ta yi masa yawa. Mai gari na kan kujera, liman na gefensa a kan buzu. Mace ba ta shiga irin wannan zaman a garinmu. Kawuna ya hango ni ya taso da sauri, ya ce in koma gida zai ji da komai. Na ce, "Kawu, tun ɗazu kana nan anka ɗaure shi." Na ratsa na durƙusa na gaida mai gari, na gaida liman, gaisuwa cikakkiya, don kada a ce ɗiyar malam ba ta da tarbiyya. Sannan na zauna kusa da ƙanena na ƙi tashi.

Shugaban masu gadin ne ke tambaya, da bindigarsa ƙirar gida a kafaɗa.

"Jiya ina ka tahi?"

"Bakin ruwa," in ji ƙanena.

"Ka daɗe can?"

"A'a. Ɗan jimawa kaɗan."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce shi ya gan shi yana fita da hantsi, wani ya ce shi ya gan shi yana dawowa da magariba. Shugaban ya juya ga mutane ya ce to kun ji ƙarya ta farko. Ya ce kuma an tabbatar masa daga cikin gidansu cewa wanga yaro ba ya kwana, dare duk yana zaune. Mi yake jira? Wa yake saurare? Da na ji "daga cikin gidansu" sai na gane maganata ce ta gidan suna ta yi tafiya ta dawo.

Aka zazzage littattafan. Aka ba wani mai ilimin boko ya karanta, ya karanta shafi biyu ya ce shi dai sunayen tsuntsaye yake gani da lissafi. Shugaban ya ce ai ba zai rubuta gaskiyar abin ba, wawa ne? Ku ji fa. In an ga laifi a littafi, laifi ne. In ba a gani ba, ya ɓoye ne. Ta ina mutum zai fita?

Sai liman ya ce a kawo Alƙur'ani, kamar yadda aka saba yi wa wanda ake zargi. Aka kwance masa hannu ya yi alwala. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, zai rantse a wuce wurin. Liman ya ce masa ya dafa ya ce bai taɓa ganin mutanen nan ba, bai taɓa magana da su ba.

Ƙanena ya janye hannunsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban iya rantsewa haka. Na taɓa ganinsu."

Na rufe ido. Wallahi a lokacin da zan iya toshe masa baki da hijabina da na yi.

"Yaushe?" in ji mai gari.

"Ranar da shamuwa ta fara sauka. Sunka wuce ta ƙetaren ruwa, babur goma sha ɗaya. Sunka tada mini tsuntsaye."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"Na faɗa wa Yaya."

Duk aka juyo gare ni. Kuma gaskiya ne. Na tuna ranar, ya shigo yana ta maimaita an tada masa tsuntsaye, an tada masa tsuntsaye, masu babura sun tada masa tsuntsaye. Ina duba takardun jarrabawa, na ce don Allah ya rabu da ni da zancen tsuntsayen nan. Na faɗa wa mai gari haka a gaban kowa. Ba wanda ya damu da wannan. Abin da kunnuwansu suka riƙe shi ne ya ƙi rantsuwa kuma ya gan su. Na ji wani daga baya yana cewa a ba su shi kawai su tafi da shi bayan gari. Kowa a wurin ya san abin da ake nufi da bayan gari.

Nan na manta da tarbiyyar. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ke nan ya san yaron ga tun yana rarrafe. Rabin hulunan da ke kanku shi ya ɗinka su. Infoma ne zai ce muku ya gan su alhali an miƙa mashi hanyar tsira? Maganar ƙarya kuma, ku gwada shi. Ku zaunar da shi inda akwai tsuntsu, ku bar shi, sannan ku tambaye shi tun yaushe yake nan."

Wani ya ce a fitar da matar nan. Liman ya ɗaga hannu. Abokin mahaifinmu ne, tare suka yi karatu. Ya ce gwaji bai kashe kowa, a yi.

A harabar masallaci akwai wani icen dogon yaro da ƙananan tsuntsaye masu saƙa sheƙa suka cika. Bayan an sallame azahar aka zaunar da shi a gindinsa, shugaban masu gadi ya zauna nesa kaɗan yana tsaronsa. Ni ina bakin katanga. Da farko yana ta kaɗa jiki. Can sai ya ɗaga kai. Na ga kafaɗunsa sun sauka, leɓensa ya fara motsi, na san ya fara ƙirga. Inuwa ta janye ta bar shi a rana, bai gusa ba. Ƙuda na sauka a fuskarsa bai kore ba. Mai tsaron nasa ya sauya zama ya fi sau goma, ya aika a kawo masa ruwa, ya tashi ya miƙe ƙafa. Aka kira la'asar da lasifika a saman kansa. Bai waiga ba.

Da mutane suka taru, liman ya dafa kafaɗarsa, ya zabura. Ya ce masa, "Ɗana, tun yaushe kake nan zaune?"

"Yanzu fa anka sallame azahar," in ji shi. Sai ya ƙara da cewa, "Sheƙa arba'in da uku ce, Malam. Biyu babu kowa ciki."

Shugaban masu gadi ya ce ya iya wasan kwaikwayo. Liman ya ce masa, "Kai da ke cikin inuwa sau nawa ka tashi? In wasa ne, zo ka yi muna irinsa gobe." Sai aka fashe da dariya. Wani ya ce ashe dai taɓaɓɓe ne. Maganar ta bi bakin mutane, ashe mahaukaci ne, Allah sarki, a sake shi. Dariyar nan ta fi igiyar ƙona mini rai. Mutumin da ya fi su duka gaskiya a ranar, wanda ya ƙi dafa Alƙur'ani a kan kalma ɗaya da ba daidai ba alhali ransa na kan layi, ba su da wurin ajiye shi sai ɗayan biyu: ko infoma ko mahaukaci. Na haɗiye, don mahaukaci yana komawa gida da ƙafarsa.

Mai gari ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce masa, "To, tashi ka tahi. Amma ka zauna gida, kada ka sake zuwa bakin ruwan nan sai na neme ka." Littattafan ba a mayar mana ba. Haƙuri kuwa, ko na fatar baki, ba wanda ya ba mu.

Ba mu ƙara wata biyu a garin ba. Na nemi canjin wurin aiki, na kwashe Inna da shi muka koma Talata Mafara. Ya ci gaba da ɗinkin hularsa. Bai sake zancen bakin ruwa ba, ni kuma na ce tsoro ne ya kama shi, har ina jin daɗi a raina wai ya yi hankali. Ku dubi wautata. Hanyar ruwa na nan kusa da gari, belbela na wucewa ta saman gidanmu kullum da yamma, yana tsayawa a tsakar gida ya bi su da ido har su ɓace, ban taɓa tambayarsa komai ba.

Barcin nasa kuma ya ƙara lalacewa. Ɗan wanda yake samu bayan asuba ma ya zama sai an yi sa'a. Ya rame. Da abin ya kai shekara huɗu na kai shi wani asibiti a Sakkwato. Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta daɗe tana yi mana tambayoyi tun daga yarintarsa, ta sa muka koma har sau uku. A ƙarshe ta ce abin da ke tare da shi sunansa otizim, kuma ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa. Ta ce da yawa daga masu shi suna fama da barci, sukan so abu ɗaya so mai tsanani, kuma in suna cikinsa lokaci na wuce su ba su sani ba. Ina zaune ina jin baƙuwa tana karanta mini ƙanena kamar tare muka tashi.

Sai ta juya gare shi ta ce, me ya fi so a duniya? Ya ce tsuntsayen bakin ruwa. Ta ce yana zuwa kallonsu? Na yi caraf na ce ai ya daina, tsoro yake ji. Ta ce in bari ya amsa da kansa.

Ya ce, "Ba tsoro ba ne. Mai gari ya ce in zauna gida sai ya neme ni. Bai neme ni ba tukuna."

Na ce, "Kai, shekara huɗu fa ke nan."

Ya dube ni. Ya ce, "Haba Yaya. Ai ba a daɗe ba."

Muka dawo Mafara. Na yi ta lallashinsa kwana biyu cewa maganar ta wuce, mun ma bar garin, ruwan nan daban ne. Ya ce ruwa ɗaya ne, daga dam ɗaya ya fito, kuma wanda ya hana shi ne zai ba shi izini. Ranar Asabar na ɗauki 'yan acaɓa biyu muka tafi ƙauyen.

Mun sami mai gari a zaure, ya tsufa, ana yi masa fifita. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Mafara. Na ce masa na kawo ƙanena ne a kan maganar da ya yi masa. Ya ce wace magana? Na tuna masa. Ya yi ta kallon ƙanena yana murza gemu, ya ce shi fa bai tuna ya faɗi haka ba, amma in ma ya faɗa, ai irin maganar da ake yi ce don a watse taro. Har da 'yar dariyarsa. Ya ce, "Yo shi wanga sai ya riƙe? Je ka mana, ɗana. Wa ya hana ka?"

Ƙanena ya ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Muka yi sallama muka fito.

Yanzu yana zuwa bakin ruwa sau uku a sati, a gefen gari inda manoma suke. Na saya masa waya mai ƙararrawa, in ta buga ya san azahar ta yi, in ta sake bugawa ya kamo hanya. Ranar da ya je, yakan sami barci fiye da sauran ranaku. Dare kuwa har gobe nasa ne, na daina yaƙi da shi, kuma na daina kai zancen gidanmu gidan suna.

Mutane na ce mini in yafe, ai tsoro ne ya sa su, kuma lokacin kowa a firgice yake. Na sani, ni ma a garin nake, na san waɗanda aka kore wa shanu da waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Igiyar ma ina jin zan iya yafewa wata rana. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar nan guda ɗaya. Mutum ya faɗe ta yana kakkaɓe riga, kafin ya shiga gida ya manta. Ƙanena kuma ya ɗauke ta da daraja irin wadda ya ɗauka maganar manya tana da ita, ya zauna a tsakar gida shekara huɗu yana jiran aike. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi, nake zuba masa abinci, nake ce wa mutane ba wanda ya san shi kamata, ban taɓa buɗe baki na ce masa me ya hana ka fita ba. Sai da wata baƙuwa a Sakkwato ta ce in yi shiru ya amsa da kansa.